Sultan Osman, jirgin yaƙin da Ingila ta riƙe wa Turkiyya a 1914

"Assalamu alaikum Malam. Na ga wani bidiyo a Facebook ana cewa wai talakawan Turkiyya ne suka yi karo-karo, har mata na sayar da gwala-gwalansu, aka sayi wani ƙaton jirgin ruwan yaƙi a Ingila, da aka gama biya sai Turawan suka ƙwace abinsu, wai shi ya sa Turkiyya ta shiga yaƙin duniya na ɗaya a ɓangaren Jamus har halifanci ya rushe. Don Allah gaskiya ne ko irin labaran soshiyal midiya ne? Kuma ina jirgin ya ƙare?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa tambayarka uku ce a dunƙule: an ƙwace jirgin ko ba a ƙwace ba, ƙwacen ne ya jefa su yaƙi ko kuwa, sannan ina jirgin ya kwana. Ta farko amsarta eh, gaskiya ne, ba ma jirgi ɗaya ba ne, biyu ne. Ta biyun ce masu bidiyo ke cakuɗawa, don idan ka jera ranakun abin sai ka ga manyan gwamnatin Santambul sun riga sun kama hanyar Jamus tun kafin a taɓa jirgin. Duk inda na ce Daular Usmaniyya a nan ta Turkiyya nake nufi, ba tamu ta Sakkwato ba.

Asalin jirgin na Barazil ne

A 1906 Ingila ta fito da wani jirgi mai suna Dreadnought wanda ya birkita lissafin kowa. Kafin shi, babban jirgin yaƙi yakan ɗauki manyan igwa huɗu ne sannan tarkacen matsakaita da ƙanana, shi kuwa shugaban rundunar ruwan Ingila na lokacin, Admiral John Fisher, ya sa aka ɗora masa manya guda goma masu faɗin baki inci 12, ga sabon injin tururi da ya sa ya fi sauran gudu. Daga ranar duk jirgin da aka ƙera a tsohon fasali ya zama tsohon yayi, kuma duk ƙasar da ke son a ce ta isa sai ta mallaki irinsa ko da kuwa da bashi ne.

Barazil a lokacin kuɗin roba da na kofi na shigo mata kamar ba gobe, sai ta ba da kwangilar guda biyu a Ingila, Minas Geraes da Sao Paulo, aka kawo mata su a 1910. Ajantina ta ga haka ta garzaya Amurka ta yi odar nata biyu, Chile ma ta bi sahu. Barazil ta ce ai ba za a yi haka ba, na ukun nata sai ya fi na kowa. Kamfanin Armstrong da ke Newcastle a bakin kogin Tyne shi ya samu aikin, aka aza harsashin ginin jirgin a watan Satumba 1911, aka tura shi ruwa ranar 22 ga Janairu 1913 da suna Rio de Janeiro.

To amma kafin a gama abubuwa biyu suka faru. Na ɗaya, a Nuwamba 1910 ƙananan sojojin ruwan Barazil, galibinsu baƙar fata jikokin bayi, suka yi bore saboda bulalar da hafsoshi ke musu, bayan an tsala wa wani bulala 250. Jagoransu Joao Candido, suka ƙwace sababbin jiragen nan biyu suka saita igwa kan babban birnin ƙasar, sai da majalisa ta lallashe su. Wannan ya sanyaya wa 'yan siyasar ƙasar gwiwa, sun ga makamin da suka saya da tsada ya juyo kansu. Na biyu, kasuwar roba ta faɗi warwas, don irin bishiyar da wani Bature Henry Wickham ya kwashe daga dajin Amazon tun 1876 ya kama sosai a gonakin Malaya da Silon (Sri Lanka ta yau), robar Asiya ta cika kasuwa da araha. Zuwa ƙarshen 1913 Barazil ba ta da kuɗin ƙarasa biya, sai ta sa jirgin a kasuwa.

Me ya sa Turkiyya ta yi wuf ta saya

Sai ka san halin da rundunar ruwansu ke ciki sannan za ka gane zafin abin. Sarki Abdul'aziz ya tara jirage masu yawa, amma an tuɓe shi a 1876 da hannun sojan ruwa a ciki, shi ya sa Abdulhamid na biyu bai taɓa sakin jiki da su ba, ya bar jiragen a ɗaure cikin mashigin ruwan Santambul shekara da shekaru suna tsatsa. Na san masu ƙaunar Abdulhamid ba sa son jin wannan, amma haka abin yake. Sakamakon ya fito fili a 1911 da Italiya ta afka wa Libiya, ba hanyar kai sojoji ta teku, hafsoshi irin su Enver da Mustafa Kemal sai ɓad da kama suka yi suka sulale can. Sai kuma yaƙin Balkan na 1912 zuwa 1913, inda jirgin Girka guda ɗaya tal, Averof, ya kora rundunar Usmaniyya cikin mashigin Dardanelles har sau biyu, a Disamba 1912 da Janairu 1913, Girka ta kwashe tsibirai irin su Lemnos da Lesbos da Chios, wasunsu daga gaɓar Anatoliya kana hango su da ido. Ƙasar da jiya-jiya take ƙarƙashinka ta yi maka haka, ai ka san abin da ciwo.

Maganar karo-karo kuma gaskiya ce. Tun 1909 aka kafa ƙungiyar tallafa wa rundunar ruwa, ta buɗe rassa a garuruwa, ana yawo da akwatunan gudummawa a makarantu da gidajen shan gahawa da kasuwanni, ana yankar wani abu daga albashin ma'aikata, mata suna ba da 'yan kunne da awarwaro, har lambar yabo ake ba wanda ya ba da mai tsoka, kuma Musulmin Masar da Indiya ma sun aiko da nasu. Abin da bidiyon ba zai gaya maka ba shi ne kuɗin karo-karon kaɗai bai isa ba. Farashin jirgin fam miliyan 2 da dubu 750 ne, gwamnati sai da ta ci bashi a wani banki na Faransa da ruwa mai nauyi kafin ta iya ajiye kuɗin a ƙarshen Disamba 1913. Aka sauya masa suna zuwa Sultan Osman na ɗaya, sunan wanda ya kafa daular. Ɗayan jirgin shi ne Reshadiye, shi tun farko su suka yi odarsa a kamfanin Vickers a 1911, igwa goma masu inci 13 da rabi, kuma a wajen masu sanin abin ya fi Sultan Osman inganci duk da bai kai shi suna ba.

Don haka abokin gabar da aka saye shi dominsa Girka ce, bayanta Rasha a Bahar Aswad. Ba wanda ke tunanin yaƙi da Ingila, hasali ma a lokacin wani Admiral ɗan Ingila mai suna Arthur Limpus shi ke horar da rundunar ruwan Usmaniyya, kamar yadda Bajamushe Liman von Sanders ke horar da ta ƙasa.

Makon da aka riƙe shi

Ranar 27 ga Yuli 1914 sojojin ruwan Turkiyya kusan 500 suka iso Newcastle don su karɓi jirginsu, a ƙarƙashin Kyaftin Rauf Bey, mutumin da ya yi suna a yaƙin Balkan da jirginsa Hamidiye. Ka riƙe sunan nan, zai sake fitowa. Washegari Ostiriya ta shelanta yaƙi kan Sabiya. Ministan rundunar ruwan Ingila a lokacin Winston Churchill ne, ya aika wa kamfanonin cewa kada su kuskura su bari a ɗaga tutar Turkiyya a kan jiragen, don da zarar an ɗaga tuta jirgin ya zama yankin ƙasar Turkiyya, taɓa shi ya zama takalar yaƙi. Kamfanin ya yi ta jan ƙafa da 'yan dalilai, Turkawa na zaune cikin tsohon jirgin da ya kawo su a ɗaya gefen kogin suna kallon abinsu, har an biya kashin ƙarshe na kuɗin. Ranar 1 ga Agusta aka zuba sojojin Ingila da bindigogi a kan jirgin, ranar 3 aka sanar da gwamnatin Usmaniyya a hukumance. Sultan Osman ya koma Agincourt, Reshadiye ya koma Erin.

Ta fuskar doka fa? Kwangilar ta ba gwamnatin Ingila damar karɓe jirgin da ake ƙerawa a ƙasarta idan tana cikin yaƙi, to amma Ingila ba ta shiga yaƙi ba sai 4 ga Agusta, ka ga an riga malam masallaci. Su kansu lauyoyin gwamnatin sun faɗa wa Churchill cewa doka ba ta ba shi wannan hurumin ba, aka dai ce tsaron ƙasa ya sha gaban doka. Daga baya suka yi tayin biyan fam 1,000 kowace rana a matsayin haya, da alkawarin mayar da jiragen bayan yaƙi, da sharaɗin Turkiyya ta zauna 'yar ba ruwanmu. Santambul ta ƙi. A lokacin yaƙin Ingila ta karɓe jiragen Chile ma da ake ƙerawa a wannan kamfanin, amma su an zauna da su an yi ciniki cikin mutunci, kuma bayan yaƙi Chile ta sake sayen ɗaya. Bambancin yadda aka bi da ƙasashen biyu shi ne ni a ganina ya fi komai nuna raini.

Sai dai in za a yi adalci, in kai ne Churchill me za ka yi? Tazarar da ke tsakanin manyan jiragen Ingila da na Jamus a Tekun Arewa ba wata mai yawa ba ce, ga jirage biyu sababbi fil a tashar ruwanka za su tafi hannun gwamnatin da ministan yaƙinta ɗan gani-kashe-nin Jamus ne, ga Rasha ƙawarka na ta matsa maka lamba kada ka bari su shiga Bahar Aswad tunda nata manyan jiragen ba za su kammala ba sai 1915. Ba na jin akwai ministan da zai bari su fita. Kuma takardun Jamus da aka buɗe daga baya sun nuna a ranar 1 ga Agustan nan Enver, wato ministan yaƙin nan, ya yi wa jakadan Jamus tayin miƙa musu Sultan Osman. Masana na da saɓani kan ko da gaske yake, ko kuwa ya riga ya san jirgin ya tafi ne yake kyauta da abin da ba ya hannunsa don ya samu sa hannun Jamus. Ni na fi karkata ga na biyun, amma hasashe ne.

Shi ne ya jefa su yaƙi?

Duk shekarar da na zo wannan darasin a aji, abin da nake yi shi ne in sa ɗalibai su fito allo su jera ranakun da hannunsu kafin kowa ya buɗe baki ya yi sharhi, don na lura da zarar an fara da sharhi to zuciya ce ke magana. Ga yadda jerin yake fitowa. Ranar 22 ga Yuli Enver ya je wa jakadan Jamus Wangenheim da tayin ƙawance, wato kwana biyar kafin ma su Rauf su isa Newcastle. Ranar 2 ga Agusta aka sa hannu kan yarjejeniyar a asirce, yawancin ministoci ma ba su sani ba, daga firaminista Said Halim Pasha sai Enver sai Talat ministan cikin gida sai wasu 'yan tsiraru. Sanarwar ƙwace jirgin ta zo ranar 3. Daga nan kuma sai aka yi kusan wata uku cur daular ba ta harba ko harsashi ɗaya ba. Idan fushin jirgi ne ya kai su, me ya sa aka fara zancen ƙawance kafin a ƙwace, me kuma ya sa aka jira har ƙarshen Oktoba? A nan ne aji kan yi tsit, sai kuma wani ya ɗaga hannu ya ce to Malam ai duk da haka an zalunce su, in ce masa ƙwarai kuwa, amma wannan wata tambaya ce daban.

Babban dalilinsu tsoron Rasha ne, wadda ta daɗe da ƙwallafa rai kan Santambul da mashigin ruwanta. Shugabannin sun yi imanin daular ba za ta rayu ba sai da wata babbar ƙasa a bayanta, kuma sun ƙwanƙwasa ƙofofi da yawa: sun nemi Ingila a 1911 aka ba su haƙuri, Jamal Pasha ministan rundunar ruwa ya je Faransa a Yulin 1914 ya dawo hannu rabbana, tunda su biyun ba za su ɓata wa Rasha rai ba. Jamus ce kaɗai ta amsa.

Abin da ƙwacen ya yi shi ne ya kashe bakin masu son Ingila a cikin gwamnati, ya kuma miƙa wa Enver fushin talakawa a faranti. Mutumin da aka yanki albashinsa, yarinyar da ta jefa kuɗin tararta a akwati, duk sun ji kamar su aka yi wa fashi. Ana cikin haka sai ga jiragen Jamus biyu, Goeben da Breslau, sun tsere wa rundunar Ingila a Bahar Rum sun iso Dardanelles ranar 10 ga Agusta, Enver ya ce a buɗe musu. Don a kauce wa dokar 'yan ba ruwanmu sai aka shelanta cewa wai Turkiyya ta saye su a madadin waɗanda Ingila ta ƙwace, aka raɗa musu Yavuz Sultan Selim da Midilli, sojojin Jamus ɗin da ke ciki suka cire hulunansu suka ɗora jar dara, shi ke nan sun zama Turkawa. A titi kuwa lissafin mai sauƙi ne, Ingila ta ƙwace biyu Jamus ta kawo biyu. Limpus ya tattara ya tafi a Satumba, kwamandan Jamus Wilhelm Souchon ya zama shugaban rundunar ruwan Usmaniyya, aka rufe Dardanelles a ƙarshen watan, a Oktoba Jamus ta aiko da zinare na lira miliyan 2. Ranar 29 ga Oktoba Souchon, da amincewar Enver, ya shiga Bahar Aswad ya yi ruwan wuta kan tashoshin ruwan Rasha na Odessa da Sevastopol da Novorossiysk. Wasu ministoci, har da na kuɗi Javid Bey, suka ajiye aiki don fushi, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, zuwa 5 ga Nuwamba Rasha da Ingila da Faransa duk sun shelanta yaƙi. Ka ga jirgin da ya ja su cikin wutar a zahiri Goeben ne.

Tsakiyar Nuwamba aka karanta fatawar jihadi da sunan Sarki Mehmed na biyar. A ƙasar Hausa ba ta yi wani tasiri ba, sarakunan Arewa sun tsaya tare da Turawan mulki har baitulmalinsu ya ba da gudummawar yaƙi, sojojinmu kuma suna can Garwa da Mora suna fafatawa da Jamusawan Kamaru. Inda hayaƙin ya ɗan iso shi ne Agadas, lokacin da Kawusan, jagoran Abzinawa mai alaƙa da 'yan Sanusiyya ya yi wa barikin Faransawa ƙawanya daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917.

Shi kansa jirgin

A nan zan taka a hankali, ni fannina tarihin siyasa ne, lissafin ƙarfe da injin daga rubuce-rubucen masu sana'ar na ɗauko shi. Tsawonsa mita 204 da 'yan kai, nauyinsa ya haura tan 27,000, in an cika shi da kwal da makamai ya kan haura 30,000, gudunsa wajen kilomita 41 a awa, tukwanen tururi 22 ke ba shi ƙarfi, mutanen cikinsa sun fi 1,100. Abin da ya sa ya yi suna shi ne manyan igwa 14 a cikin ɗakuna masu juyawa guda bakwai jere a tsakiyar jirgin daga gaba har baya, ba a taɓa ƙera jirgi irin Dreadnought mai yawan manyan igwa haka ba, kafin shi ko bayansa. Ɗakunan bakwai aka sa musu sunayen ranakun mako, daga Lahadi zuwa Asabar.

Harsashi ɗaya na igwar nan kilo 386 ne, kusan buhun siminti takwas ke nan, kuma ana jefa shi wajen kilomita 17. Abin da kake gani a sama, wato ɗakin ƙarfen da bakin igwa biyu suka leƙo, ɗan kaɗan ne daga cikin aikin. Ƙarƙashinsa wani rami ne zagayayye da ya gangara har kusan gindin jirgin, can ƙasa akwai ma'ajin harsasai da ma'ajin albarushi, mutane na ɗora harsashi kan abin ɗagawa mai aiki da ƙarfin ruwa, wasu na miƙo albarushin a ɗure cikin jakunkunan siliki, a hau da su bene-bene har bayan igwar, wani sandan inji ya tura harsashin ciki ya bi shi da jakunkunan, a rufe gindin a murɗe, sannan a jira umarni daga hafsan da ke can saman jirgin yana auna nisa. Mutanen da ke ƙasa ba sa ganin rana balle abokin gaba, ƙara kawai suke ji da girgiza. Kuma duk wannan hanyar da albarushi ke bi ya hau, ita wuta za ta bi ta sauka idan harsashin abokin gaba ya fasa ɗakin saman.

To ka ga matsalar. Ɗaki bakwai na nufin manyan ramuka bakwai a jikin jirgin da ma'ajin albarushi a shimfiɗe kusan tsawonsa duka, dole sulken ya zama an baza shi da faɗi sai ya yi siriri. Sulken gefensa inci 9 ne a inda ya fi kauri, alhali takwarorinsa na Ingila na da 12, na Jamus kusan 14. Sannan a lokacin da aka gama shi Ingila ta riga ta koma igwa mai inci 13 da rabi, tana ma ƙera Queen Elizabeth mai inci 15 wadda harsashinta ya ninka nasa nauyi har da ɗoriya. Ƙari a kan haka hafsoshin Barazil sun nemi manyan ɗakuna na jin daɗi, aka rage bangayen da ke tare ruwa idan jirgi ya huje, ɗakin cin abincin hafsoshi kaɗai ya kai wajen mita 26 a tsawo da 18 a faɗi. Sojojin Ingila da suka gan shi da katakon ado da darduma sai suka laƙaba masa suna fadar giya. A taƙaice jirgi ne da aka tsara don idon jama'a, a ƙirga bakin igwa a jarida a ce namu ya fi na maƙwabta.

Da Turawan Ingila suka karɓe shi sun sha aiki. Bandakunan an riga an mayar da su na tsugunno saboda Turkawa, sai da aka sauya, rubutun da ke jikin famfuna da injina da yawa har lokacin da harshen Fotugal yake, ga ƙarancin ma'aikata har sai da aka kwaso na jirgin shaƙatawar Sarkin Ingila aka haɗa da waɗanda aka sako daga gidan horon soja. A Satumba 1914 ya shiga babbar runduna a Scapa Flow, can arewacin Scotland, inda ya shafe yawancin yaƙin yana sintiri da jira cikin sanyi da hazo.

Ranarsa ɗaya ce, 31 ga Mayu 1916, yaƙin Jutland, inda jirage wajen 250 na Ingila da Jamus suka haɗu, Jellicoe ne kwamandan Ingila, Scheer na Jamus. Agincourt yana can wajen ƙarshen layi, ɓangaren da ya fi kusa da Jamusawa lokacin da aka fara. An daɗe ana raɗe-raɗin cewa in ya harba igwa 14 ɗin nan a lokaci guda zai tsage ko ya kife, a ranar ya harba su gaba ɗaya kuma bai tsage ba, sai dai waɗanda ke jiragen kusa sun ce wutar da ta tashi ta sa sun zaci jirgin ne ya fashe. Ya harba manyan harsasai 144 da matsakaita 111, ya kauce wa makaman tofido, masu tafiya ta ƙarƙashin ruwa, da aka auno masa, ba a same shi ba, kuma ba a tabbatar ya samu kowa ba saboda hayaƙi da hazo. Sa'arsa ke nan ba a gwada siririn sulken nasa ba, don a ranar jiragen Ingila uku, Indefatigable da Queen Mary da Invincible, ta hanyar albarushin nan suka tarwatse, kowanne da mutum wajen dubu, 'yan ƙalilan suka tsira. Ingila ta rasa mutum fiye da 6,000, Jamus fiye da 2,500.

Ƙarshensa da maganar kuɗin

Yana cikin jiragen da suka raka rundunar Jamus lokacin da ta miƙa wuya a Nuwamba 1918. A 1919 aka ajiye shi, aka sake tallata wa Barazil ko za ta karɓi abinta ta ce ba ta so, aka fara tunanin mayar da shi jirgin dakon kaya da mai na runduna shi ma aka fasa. Yarjejeniyar Washington ta 1922 da ta ƙayyade yawan manyan jiragen kowace ƙasa ita ta yanke masa hukunci, aka sayar wa masu yankan tsohon ƙarfe, zuwa ƙarshen 1924 an gama da shi a Rosyth da ke Scotland. Erin ma haka ya ƙare. Halifanci kuwa majalisar Ankara ce ta soke shi ranar 3 ga Maris 1924, bayan shan kaye a yaƙi da mamayar Santambul da yaƙin 'yanci na su Mustafa Kemal, tafiya ce mai tsawo da ba za a rataya wa jirgi ɗaya ba.

Rauf Bey da na ce ka riƙe sunansa, shi ne ministan rundunar ruwa a Oktoba 1918, kuma shi aka tura ya sa hannu kan takardar tsagaita wuta ta Mudros, a cikin wani jirgin yaƙin Ingila mai suna Agamemnon. A 1920 Turawan Ingila suka kama shi suka kai shi tsibirin Malta, bayan an sako shi ya zama firaministan gwamnatin Ankara, yana kan wannan kujerar aka ƙulla yarjejeniyar Lausanne a Yuli 1923. A cikin sashe na 58 na yarjejeniyar Turkiyya ta amince ba za ta nemi Ingila ta mayar mata da kuɗin jiragen da aka karɓe a 1914 ba, a madadin haka su ma ƙasashen da suka ci yaƙi suka yafe diyyar da suke nema a wajenta. Wato ba a mayar da ko kwabo a hannu ba, an dai yi bani-gishiri-in-ba-ka-manda a teburin sulhu, kuma in aka dubi irin diyyar da aka ɗora wa Jamus, su Ismet Pasha da suka yi wa Turkiyya cinikin ba su faɗi ba. Shi Rauf daga baya ma shi ne jakadan Turkiyya a Landan daga 1942 zuwa 1944, lokacin Churchill na firaminista.

Goeben kuwa, wato Yavuz, ya zauna a hannun Turkiyya ya zama babban jirgin rundunarta, shi ya ɗauki gawar Mustafa Kemal Ataturk daga Santambul zuwa Izmit a 1938, an yi wa Jamus ta Yamma tayin ta saye shi ta ajiye a matsayin kayan tarihi ta ƙi, sai a 1973 aka ja shi zuwa wajen masu yanka.